An Yi wa Maƙwabta Tayi?

Tun ranar da Alhaji Ɗanlarai ya ga hoton gidan nan na Alƙahira a wayarsa, 'yan layin hatsi na Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi ba su sake samun sakat ba. Ka zo sayen buhun masara, sai ka ga gidan. Ka zo gaisuwa, sai ka ga gidan. Ko tambayar hanya ka tsaya yi, wallahi sai ya zaro waya ya ce, "Tsaya tukuna, dubi wannan tagar." Mutumin da ya tsufa yana auna dawa fuska a murtuke, ga shi yanzu yana dariya shi kaɗai a kan benci, yana shafa fuskar waya da babban yatsa. Masu dako suka laƙaba masa Mai Gidan Masar don tsokana, shi kuwa har juyowa yake ya ce, "Na'am, wa ke kira?"

Gidan ba wani katafaren abu ba ne. Sashe ne a cikin wani bene mai hawa biyar, ɗaki uku da falo, da ɗan fili a baya mai bishiyar lemun tsami. Amma a hawan ƙasa yake, kuma nan duk maganar take. Matarsa Hajiya Yagana ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, takan je Alƙahira ganin likita ta sauka wurin autarsu Yasmin, wadda ke karatun haɗa magunguna a can. Ɗakin hayar Yasmin kuwa can ƙololuwar wani bene yake, liftar gidan ta mutu tun yarinyar ba ta zo duniya ba. Likita ya ce kafin damina za a yi wa Hajiya aiki a gwiwoyin biyu, kuma bayan aikin ba ita ba matakala har sai ta warke sarai. Ko a samu hawan ƙasa kusa da asibiti, ko a ɗage aikin. Hawan ƙasa a unguwar nan kuwa duk ya zama shaguna da wuraren aski, sai da Yasmin ta kusa cinye takalminta a bin dillalai kafin a dace da wannan.

Ita Hajiyar ba za ka taɓa jin wannan daga bakinta ba. 'Yar Barno ce, mai lafaya da turaren wuta, ba ta san raki ba. Ka same ta tana cije leɓe ka ce, "Hajiya, yaya jiki?" amsa ɗaya ce tun ranar da ciwon ya fara: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Alhaji ma da ita yake kafa misali a kasuwa, yana cewa tasa matar ƙarfe ce.

Sayen gida a ƙasar wasu, Alhaji ya gano, ba irin na unguwarsu Ƙofar Ran ba ne, inda za a kira mai unguwa da dattawa, a zaga iyaka, a raba goro a shafa fatiha. Barista Bridget, lauyar da ke duba masa takardun shaguna, ita ta zaunar da shi a ofishinta ta yi masa karatu.

"Alhaji, lauyan da dillali ya kawo, na dillali ne. A nemo naka daban a can. Ya duba sunan wa gidan yake a rajista, ya duba ko duk magada sun yarda a sayar, ya duba mitar wuta da ta ruwa. Tunda kai ba za ka je ba, sai ka yi wa Yasmin takardar wakilci ta sa hannu a madadinka."

Takardar nan ta sa shi zaryar Abuja har direbansa ya haddace ramukan hanya, wannan ofishi ya buga hatimi, wancan ya buga hatimi a kan hatimin. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne da ya tambayi iyakar filinsa.

"Babu fili, Alhaji. Ƙasar da ginin ke kai ta dukanku ce, ku mazauna benen."

"To rufin fa? Rufin dai nawa ne ko?"

"Rufinka shi ne daɓen wani."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗo. Da ta ƙara da cewa duk wata zai riƙa ba da nasa kason na mai gadi da shara da fitilar matakala, sai ya riƙe ciki. "Matakalar da na sayi gida don in guje mata, ita zan riƙa saya wa ƙwan fitila? Kai, Masarawa! To a saya, a saya, Allah ya haskaka musu."

Aka sa ranar Asabar bayan azahar za a sa hannu. Barista ta ce a bari tawada ta bushe kafin a yi walima. Wa ya ga Alhaji da jira! Tun safe aka kafa rumfuna a ƙofar gida har suka toshe lungu, masu keke napep suna zagayawa ta baya suna mita. Aka soya masa kamar za a ciyar da Bauchi gaba ɗaya, ga miyar taushe a manyan tukwane, ga zoɓo da kunun aya cikin robobin ƙanƙara. Onyedika mai kayan wuta ya kawo talabijin mai faɗin ƙofar zaure ya haɗa da wayar Alhaji da lasifika, don kowa ya ga sa hannun da idonsa. Maza suka cika rumfa, har manoman da ke kawo masa hatsi daga Zungur sun zo da manyan riguna. Mata suna cikin gida wurin Hajiya, kunnuwansu na waje.

Yasmin ta bayyana a talabijin, aka ɗauki sowa. Ta zaga da su falon, ta nuna musu lemun tsamin, ta nuna mai sayarwa, wani matashi mai gilashi da ya gaji gidan daga mahaifinsa, ga dillali yana ta murmushi, ga lauyan da suka ɗauka ya shimfiɗa takardu a tebur. Ta zauna. Ta ɗauki biro.

"Dakata!" in ji Alhaji. Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya waiwayi jama'a don ya tabbata ana kallonsa. "Auta, an yi wa maƙwabta tayi?"

To, a nan sai na tsaya na yi wa Alhaji adalci. Wannan ɗabi'a a wurin mahaifinsa ya gaje ta, kuma da ita ake yabonsa. Bai taɓa sayen gona a Zungur ko shago a Muda Lawal ba sai ya aika an tambayi na kusa da wurin ko yana so, don kar ya shiga wuri maƙwabci na hararsa. Kuma tunda yake tambayar nan, ba a taɓa samun wanda ya ce yana so ba. Kowa ya san amsar: "Allah ya sanya alheri, mu ba mu da buƙata." A gaisa, a rabu ana ganin girman juna. Alhaji ya ɗauka duk duniya an san amsar nan.

Barista Bridget, da ke zaune a gefen rumfa da farantin masa a cinya, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Baba," in ji Yasmin a hankali, "nan ba a yin haka."

"Ba a yi, ko dai ba su samu mai koya musu ba? Tashi ki ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Gaisuwa ce kawai. Ni Ɗanlarai ban taɓa shiga gida ta bayan maƙwabci ba, ba kuma zan fara a ƙasar Annabi Yusufu ba. Wannan haƙƙi ne na duniya baki ɗaya!"

Rumfa ta ɗauki kabbara. Malam Ashiru, na'ibin limamin unguwa kuma abokin Alhaji tun na yarinta, ya gyaɗa kai har rawaninsa na rawa. A talabijin kuwa murmushin dillali ya fara bushewa, yana ta yi wa Yasmin alama da hannu kar ta je. Amma umarnin uba ne, ta tashi ta tsallaka ta ƙwanƙwasa.

Wata dattijuwa ce ta buɗe, gajera mai ƙiba, hannunta duk garin fulawa. Sunanta Madam Nawal, tsohuwar malamar firamare, mijinta ya rasu. Yasmin ta yi mata bayani da Larabci, tana nuna wayar. Matar ta zaro ido. Ta dafe ƙirji da hannun fulawar. Sai ta ɓalle da magana kamar an kunna injin markaɗe, tana nuna gidan, tana nuna sama, tana share ƙwalla. Larabcin Alhaji na aikin Hajji ne, bai wuce cinikin dabino ba, amma ya cafko kalma ɗaya a ciki.

"Kun ji ko? Shukran! Godiya take yi. Na faɗa muku mutunci ko'ina mutunci ne."

"Baba."

"Ki ce mata ba komai, maƙwabtaka ce."

"Baba, ta ce tana so."

Tsit. Har masu keken da suka tsaya kallo sun kashe inji. Wani manomi da ya kai lomar masa bakinsa ya mayar da ita faranti.

"Tana son me?"

"Gidan, Baba. Ta ce mijinta ne ya shuka lemun tsamin nan tare da mai gidan na da, ta daɗe tana mafarkin gidan, ba wanda ya gaya mata an sa shi a kasuwa. Ta ce ba ta taɓa ganin mutumin kirki irinka ba."

Kafin Alhaji ya haɗiye wannan, Madam Nawal ta riga ta kutsa falon. Ashe ita ta koyar da matashin mai gilashi a aji ɗaya! Ta kama kunnensa, ƙato da shi, tana faɗa, shi kuma ya sunkuya yana sumbatar kanta yana ba da haƙuri. Ko ba ka jin Larabci ka san an gama. Lauya ya fara tattara takardu. Dillali ya zauna a kan hannun kujera yana kallon wayar da idon da ba na alheri ba.

Alhaji ya nemi kujerarsa ya rasa, sai da aka tura masa ita. Gwiwoyin Hajiya ne suka faɗo masa a rai, da likita, da damina da ke tafe. Da bakinsa, a gaban Ƙofar Ran da Zungur, ya ɗauki gidan matarsa ya miƙa wa wata. Ya kasa ko waiwayar ƙofar gida.

"Alhaji, ka yi abin da ya dace," in ji Malam Ashiru. "Lada kam ka same shi."

"Malam, don Allah ka ci masarka."

Sai ga muryar Yasmin ta dawo da ƙarfi. "Baba! Baba, tsaya! Ta ce ba za ta iya sayen wannan ba sai ta sayar da nata. Nata ma hawan ƙasa ne, ga shi nan ƙofa da ƙofa. Ɗaki biyu ne, babu lemun tsami, amma ko tudu babu a bakin ƙofar. Ta ce in kana so, kai ne na farko."

Wayyo, zo ka ga rumfa! Huluna suka tashi sama. Daga cikin gida guɗa ta tsage unguwa. Alhaji Ɗanlarai, mai jikoki, ya ware hannayen babbar riga ya taka rawa a tsakiyar lungu ba kiɗa ba ganga, yana cewa, "Ɗaki biyu! Wa ya ce muna son uku? Lemun tsami kuwa ga shi nan jibge a Muda Lawal!" Ya rungume Onyedika, ya rungume wani mai keke da bai taɓa gani ba. Ya nuna Barista da yatsa. "Kin gani? Kin ga aikin mutunci?"

Barista kuwa talabijin take kallo. Madam Nawal ta wanke hannu, ta ɗaura ɗankwali, tana zura silifa.

"Ina kuma za ta?" in ji Alhaji.

Yasmin ta tambaya, aka ba ta amsa, ta rufe ido. "Baba, ta ce al'adar nan taku ta shiga ranta. Ta ce ita ma ba za ta sayar ba sai ta yi wa maƙwabta tayi."

"Wace al'ada? Ke, ki ce mata ta Bauchi ce! Ta cikin ganuwa ma! Ko Ningi ba ta kai ba!"

"A'a, Alhaji," in ji Malam Ashiru, "ɗazu ka ce ta duniya ce baki ɗaya. Kowa ya ji."

"To, to, na ji. Amma maƙwabci ai wanda kuka haɗa katanga ne. Wa ta haɗa katanga da shi in ba gidan da ta saya ba? An gama!"

Barista ta ajiye farantinta. "Alhaji, ai na faɗa maka tun a ofis. Rufinka daɓen wani ne. A bene kowa maƙwabcin kowa ne, har sama."

Haka aka fara hawa. Madam Nawal a gaba tana riƙe da ƙarfen matakala, Yasmin a baya da waya, Ƙofar Ran gaba ɗaya a bayansu. Ban taɓa ganin walimar da ta koma gidan kallon ƙwallo ba sai ran nan. Ƙofar farko wani likitan haƙori ne, ya saurara, ya girgiza kai ya ce, "La, shukran." Rumfa ta fashe da tafi. Kafin ƙofa ta uku duk unguwa ta iya Larabcin nan, ana jin "la" sai tsalle. Wani ya fito da singileti ya ɗauka maganar famfon ruwa ce, ya yi ta masifa a kan famfo, da ƙyar aka fahimtar da shi, ya ce shi ko kyauta ba ya son hawan ƙasa, sauro. Manoman Zungur suka yi masa addu'ar Allah ya ƙara masa ƙin sauro. Wata mata ta ce ba za ta ba da amsa a tsaye ba, sai an shiga an sha shayi. Aka shiga. Jama'a suna nan cikin rana suna kallon shayin Masar yana hucewa, ita kuwa tana tambayar ko Yasmin na da miji, don tana da ɗa injiniya.

"Ki ce mata za a duba!" in ji Alhaji. "Ta dai faɗi amsar gidan tukuna!"

Ta ce la. Aka yi kabbara.

Suna hawa, lasifika na kawo numfashin Yasmin, fuu, fuu, yarinya ƙarama mai jini a jika tana haki tana tsayawa. Alhaji ya ji hakin nan, wani abu ya ɗan taɓa shi, amma murna ba ta bar shi ya tsaya a kai ba. Saura ƙofa ɗaya, can sama. Ya riga ya sa an fara zuba zoɓo.

An daɗe kafin a buɗe. Wani tsoho ne dogo, ya ranƙwafa a kan sanda, da jallabiya fara. Madam Nawal ta kira shi Ammu Fatahi, wato Baffa Fatahi, tsohon direban jirgin ƙasa. Ya saurari bayanin har ƙarshe, bai ce la ba. Ya ɗaga ido sama, leɓunansa na motsi, sannan ya yi magana a hankali.

Wannan karon ba wanda ya tambayi fassara, amma Yasmin ta yi. "Ya ce ya daɗe yana roƙon Allah hawan ƙasa. Gwiwoyinsa sun ƙare. Ya ce Juma'a kaɗai yake sauka, ita ma wani makon ba ya iyawa. Yana so, Baba."

Alhaji ya zauna daɓas a kan tabarma, kujerar ma bai nema ba. Tsohon ya leƙo fuskarsa cikin wayar har hancinsa ya cika talabijin, ya yi tambaya. Yasmin ta yi masa dogon bayani, aka ji ta ambaci mama, ta nuna gwiwarta. Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa.

"Baba, ya ce a nuna masa Mama. Ya ce zai tambaye ta da bakinsa. Wanda ya fi jin jiki a cikinsu, shi zai ɗauka."

Alhaji ya fizge wayar daga igiyar Onyedika, talabijin ya yi baƙi, rumfa ta yi ihu. Ya ruga cikin gida, takalmi ɗaya ya tsaya a zaure bai koma ba. Ya ratsa mata yana "gafara, gafara," ya haye matakalar ƙofar ɗakin Hajiya, wadda ya sa aka ɗaga aka yi mata tayil mai ruwan zuma shekarun baya. Hajiya na zaune a bakin gado cikin lafaya shuɗiya, ƙannensa mata da surukai sun kewaye ta. Ya durƙusa ya saita mata wayar, zuciyarsa fes, don ya san a fagen ciwon gwiwa dai ba mai kayar da matarsa.

Tsohon ya yi sallama, ta amsa. Ya yi tambaya.

"Mama, ya ce yaya ƙafar?"

Hajiya ta gyara lafaya ta yi murmushi. "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Inna lillahi! Alhaji ya ji kamar ya haɗiye wayar. Yasmin ta ƙi fassarawa, amma murmushi da alhamdu lillahi ba sa buƙatar tafinta. Fuskar tsohon ta washe, ya ce masha Allah, ya tattare jallabiya ya nuna nasa gwiwoyin, kumburarru kamar ƙullin fura.

"Hajiya," in ji Alhaji cikin raɗa, raɗar da har tsakar gida an ji, "don girman Allah, yau ɗaya tak, ki yi raki!"

"A gaban surukaina da baƙon namiji? Alhaji, ka san gidan da na fito."

"Gidan da za ki shiga nake ji!"

Wasu suka ƙyalƙyale da dariya suka toshe baki. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon tsohon nan da sandarsa, sannan ta dubi matan ta ce, "Ku ɗan ba mu wuri." Suka fita sumui-sumui, aka saki labule.

"Auta, ki faɗa masa yadda na faɗa, kar ki gyara mini. Babu sauƙi. Ban san ranar da na kwana ban ji su ba. Benen nan naki, ba da ƙafa nake hawansa ba. In na dawo daga asibiti kina makaranta, zama nake a kan matakala in riƙa jan jiki da baya, ɗaya bayan ɗaya. In na ji tafiyar mutum sai in buɗe jaka kamar ina neman makulli. Shi ya sa kike ganin bayan lafayata da datti, nake ce miki motar haya ce." Ba ta dubi mijinta ba. "Nan gida ma, matakalar ƙofar nan tawa, saboda ita na daina fitowa tsakar gida da yamma. Ba sauro ba ne. Alhaji ya yi ta don ya faranta mini, ban iya ce masa tana kashe ni ba."

Yasmin ta fassara tana kuka, kalma na fita da ƙyar. Alhaji ya tallafe wayar da hannu biyu. Kunya ta kama shi, da tausayi, da haushin kansa. Shekara da shekaru yana yawo da "matata ƙarfe ce" a kasuwa, ashe ƙarfen a zaune yake hawa bene yana ɓoye fuska.

Ammu Fatahi ya saki jallabiyarsa ta rufe gwiwoyin. Ya goge ido da bayan hannu, ya yi magana gajeriya, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya ya ƙara wata.

"Ya ce shi har yanzu a tsaye yake hawa. Ya ce Mama ta ɗauka." Yasmin ta ja hanci, dariya na neman ƙwace mata. "Amma da sharaɗi. Duk Juma'ar da ya sauko, zai huta a falonmu kafin ya hau. A ajiye masa kujera kusa da ƙofa, da shayi, sukari cokali uku."

"Kujera?" Alhaji ya daka tsalle har hularsa ta bugi labule. "Ki ce masa gado! Ki ce masa buhun sukari na nan tafe daga Muda Lawal! Ki ce masa in ya ga dama ni zan goya shi har sama!"

Matan da aka kora ashe suna manne da labule. Guɗa ta tashi, ta fita zaure, rumfa ta karɓa ba tare da ta san me aka ce ba. Da labarin ya fito, sai aka ji muryar Barista Bridget a kan ta kowa tana rantsuwa ba mai taɓa biro yau, sai lauya ya duba takardun sabon gidan tun daga farko, kuma duk wanda ya ƙara tambayar wani maƙwabci ita da shi ne. Aka faɗa wa masar da ta huce, ba wanda ya ce a ɗumama.

Alhaji bai fita ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana kallon matakalar nan mai ruwan zuma. Can ya aika a kira masa Job birkila daga rumfa. Job ya shigo da faranti a hannu, bakinsa da maiƙo.

"Ajiye masar nan, ka ɗauko guduma. Wannan za a fasa, a yi gangare mai laushi har tsakar gida."

"Yau, Alhaji? Ana walima?"

"Yanzu."

"Alhaji," in ji Hajiya daga ciki, "tayil ɗin nan fa daga Kano ka sa aka kawo shi."

Ya ɗaga labulen ya dube ta. "Hajiya, yaya gwiwar?"

"Da sau..." Ta tsaya. Ta sunkuyar da kai tana ɗan murmushi. "Tana ciwo, Alhaji."

Job ya dawo da guduma. Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a igiyar shanya, ya karɓi gudumar daga hannunsa, ya ce mata su matsa da yara baya.